'Yan Sandan Unguwa, Ƙarancin Kuɗin Aiki Da Yardar Jama'a: Ina Matsayinmu?

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron wayar da kai kan haƙƙin ɗan ƙasa

Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, Sarkin Pawa, shugabannin 'yan gwari da na kara, shugabannin 'yan dako da 'yan acaɓa, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku da kuka bar sana'o'inku kuka halarci wannan zama. Allah ya saka da alheri.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan abubuwa uku: aikin ɗan sanda a cikin unguwa, kuɗin da ake ba shi ya yi aikin, da kuma yardar da ke tsakaninsa da jama'a. Abubuwan nan uku a ɗaure suke da juna. In kuɗin aiki ya yi ƙaranci, ɗan sanda yakan ɓace daga unguwa. In ya ɓace, sanayya takan yanke, yarda ta bi bayanta. In kuwa yarda ta tafi, wanda ya fi kowa shan wuya shi ne wanda ake yi wa kallon baƙo. Saboda haka wannan magana tamu ce, mu da ke zaune a kudu, fiye da yadda wasunmu ke zato.

Mene ne ɗan sandan unguwa?

Jama'a, ɗan sandan unguwa shi ne wanda aka ajiye a wuri ɗaya ya daɗe, yana zagayawa da ƙafa, har ya san liman da ladan, ya san mai shayi da mai wankin takalmi, ya san gidan da ake sauke baƙi da lungun da yara ke taruwa shan ƙwaya. Amfaninsa shi ne labari yana zuwa masa tun kafin abu ya lalace. Ɓarawo ba daga sama yake faɗowa ba, akwai wanda ya ga shigarsa, akwai wanda ya sayi kayan. Amma mutum ba ya kai labari sai ga wanda ya sani, ya kuma tabbata ba za a juya maganar a kansa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Iyayenmu sun san dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda ke aiki da mai unguwa da dagaci. A Jihar Yamma ma akwai 'yan sandan ƙananan hukumomi. Sun san jama'a, jama'a sun san su. Sai dai kada mu faɗi daɗinsu mu ɓoye ɗacinsu, domin a zamanin siyasar farko an yi amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa, kamar yadda 'yan NEPU suka gani a Arewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar haɗe su da rundunar tarayya, wadda aka kafa tun 1930, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an gama haɗewar. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya zo da runduna ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. An rabu da wata matsala, an gamu da wata. Sai ka ga an turo kurtu garin da bai san harshensa ba, kafin ya gane hanyoyin unguwa an yi masa canjin wurin aiki.

Yunƙurin da aka yi a baya

Hukuma ta san da wannan giɓi, ta kuma yi yunƙurin cike shi aƙalla sau uku. Na farko shi ne kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, wanda aka kafa a 1984. Na biyu, a watan Afrilun 2004 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin 'yan sandan al'umma, aka fara gwaji a Jihar Enugu da tallafin gwamnatin Birtaniya, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu jihohi. Sufeto Janar na lokacin shi ne Tafa Balogun, wanda ya sauka a Janairun 2005, kafin ƙarshen shekarar kuma kotu ta ɗaure shi wata 6 a shari'ar kuɗi da hukumar EFCC ta shigar. Ku duba irin illar da wannan zai yi wa shirin da aka gina a kan neman yardar jama'a.

Na uku, a watan Agustan 2020 Shugaba Buhari ya amince da Naira biliyan 13 da miliyan 300 don tayar da shirin, a watan Satumba kuma ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta kuma tanadi kwamitocin tsaron al'umma tun daga matakin jiha har zuwa caji ofis. An ɗebi matasa an horar da su a matsayin kuratan sa-kai, an ba su kaki. A 2022 sai ga wasunsu a titin Ilori suna zanga-zangar rashin biya na watanni masu yawa, hedikwatar runduna kuwa ta amsa cewa tun farko aikin na sa-kai ne, ba na albashi ba. To, jama'a, wanda aka ba kaki aka tura shi titi, ba a ba shi abin sawa a bakin salati ba, daga ina ake zaton zai ci?

Abin da ya haɗa yunƙurin nan uku shi ne, ana samun kuɗin buɗe shiri da bikin ƙaddamarwa, amma ba a tanadar kuɗin riƙe shi wata bayan wata.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Wani zai ce ai kullum a rediyo muna jin an ƙara wa 'yan sanda kasafi. Gaskiya ne adadin yana hawa a takarda. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata mu gane.

Na ɗaya, kaso mafi yawa na kasafin albashi ke cinye shi. Abin da ya rage shi ne na mai, gyaran mota, takarda, abincin waɗanda ke tsare da kuɗin bincike, kuma kafin ya gangaro daga Abuja zuwa shiyya, zuwa jiha, zuwa caji ofis, ya zama ɗan abin da ba ya kai ko'ina.

Na biyu, ana iya rage kuɗi ba tare da an taɓa adadinsa ba. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Ke nan kuɗin da a da zai sa motar sintiri ta zagaya kwana biyar, ya koma na kwana ɗaya. Kowane direba da ɗan acaɓa a wannan zaure ya san wannan lissafi.

Na uku, mutanen da ake da su ma ba a unguwa suke ba. Adadin da aka saba ambatawa shi ne 'yan sanda wajen 370,000 ga jama'a sama da miliyan 200. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, wanda shi kansa tsohon Sufeto Janar ne, ya ce sama da 150,000 suna gadin manya da masu hannu da shuni. An sha ba da umarnin a janye su, ciki har da wanda Shugaba Tinubu ya bayar a Nuwamban 2025. Yawan maimaita umarni ɗaya ya isa ya nuna mana wuyar aiwatar da shi.

Saboda wannan rashi ne jihohi suka shiga saya wa rundunar tarayya motoci da kayan aiki. Legas ta kafa asusun tsaro a 2007, inda kamfanoni ke zuba gudummawa. A 2019 tarayya ta yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda, da za a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin 100 daga asusun tarayya, amma Jihar Ribas ta kai ƙara, a Janairun 2022 babbar kotun tarayya ta ce cirewar ta saɓa wa tsarin mulki. Su kansu ƙananan 'yan sanda sun taɓa yajin aiki a Fabrairun 2002 saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Duk wanda ya taɓa leƙa wasu barikokinsu ya san halin da iyalansu ke ciki.

Yadda rashin kuɗi ke cinye yarda

Yanzu mu bi abin daki-daki. Caji ofis ba shi da mai, ba shi da takarda. Mutum ya kawo ƙarar an fasa masa shago, sai a ce ya kawo kuɗin mai kafin a je a duba, ya sayi fayil, ya ɗauki nauyin motar da za a je kamo wanda ake zargi. Mai hali ya biya, a yi masa aiki. Talaka ya lissafa ya ga abin da zai kashe ya fi abin da aka sace, sai ya bar wa Allah. Daga nan ƙararraki su daina zuwa, labari ya daina zuwa. Ɗan sandan da ba ya samun labari kuwa makaho ne a unguwa, in an matsa masa daga sama ya nuna aiki, ba shi da dabarar da ta wuce kamen kan mai uwa da wabi. A zo da mota da daddare a kwashe duk wanda aka samu a bakin kasuwa ko a rumfar masallaci. Da safe a ce kowa ya kawo kuɗin beli. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ko a gabansa aka yi kisa ba zai je ba da shaida ba. Haka abin ke zagayawa, kowane zagaye yarda na ƙara raguwa.

Wannan ba zargi ne na fatar baki ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2010 da ya bayyana yadda na ƙasa ke kai wa na sama kaso daga abin da aka tara a titi. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016, cikin mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda, 46 sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. A 2019 adadin ya sauko zuwa 33. Raguwar ta nuna gyara na yiwuwa, amma mutum ɗaya cikin uku ba kaɗan ba ne.

Ba muna cewa talauci uzuri ne ba. Akwai 'yan sandan da ke cikin wannan rashi kuma ba su taɓa karɓar sisin kowa ba, mun san wasunsu, muna kuma yi musu addu'a. Akwai kuma zaluncin da ba ruwansa da kuɗin mai, irin wanda ya jawo zanga-zangar neman rushe SARS a Oktoban 2020. An rushe sashen ranar 11 ga wata, ranar 20 ga wata aka yi harbin Lekki, bayan nan gari ya rikice. Sufeto Janar na lokacin ya ce an kashe 'yan sanda 22, an lalata ofisoshinsu 205 a faɗin ƙasa. Waɗanda ke Legas da Ibadan a wancan lokaci sun tuna makonnin da titi ya zama babu ɗan sanda ko ɗaya. Mun ga wanda ya karɓi ragamar titi a lokacin, kuma ba masu sayar da tumatir ba ne suka ji daɗi.

Darasi daga Ingila

Tunda daga Ingila aka kawo mana tsarin 2004, ya dace mu ga yadda ta kaya a can. Daga 2004 birnin Landan ya fara ajiye ƙaramar tawaga a kowace mazaɓa: saje 1, kurata 2 da mataimaka 3, aikinsu kawai zagaya unguwa da sauraron jama'a. A 2010 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Zuwa 2018 'yan sandan Ingila da Wales sun ragu da kimanin 20,000, aka rufe ofisoshi da yawa, aka kwashe na unguwa aka mai da su amsa kiran gaggawa. Waɗanda ke cewa 'yan sandan Landan na aiki mai kyau a unguwarsu sun sauko daga kimanin kashi 70 cikin 100 a 2017 zuwa ƙasa da rabi a 2022. Ba kuɗi kaɗai ya jawo haka ba, har da munanan laifukan da aka kama wasu jami'ai da su. A 2019 gwamnati ta yi alkawarin ɗaukar sababbi 20,000, ta kuma cika adadin a 2023, amma rahoton Casey da ya fito a watan Maris na 2023 ya nuna aikin unguwa a Landan ya riga ya durƙushe. Darasin shi ne, in aka matsu, aikin unguwa ake fara yankewa domin ba a ganin amfaninsa a rana ɗaya, kuma ana iya mai da adadin ma'aikata cikin shekara huɗu amma sanayyar da ta yanke ba ta dawowa da wannan sauri. In ƙasa mai arziki ta ji a jikinta, ina ga mu?

Wa ke cike gurbin?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk inda ɗan sanda ya janye, wani zai ɗauki sanda ya tsaya. An ga OPC a ƙasar Yarabawa da 'yan Bakassi a Aba da Onica a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. Daga baya gwamnatoci suka kafa nasu: Legas ta ƙaddamar da rundunar tsaron unguwanni a 2017, jihohin kudu maso yamma suka ƙaddamar da Amotekun a Ibadan a Janairun 2020. Ban da su akwai 'yan banga na kowane layi, waɗanda masu gidaje ke biya.

Ba mu ce duk aikinsu ɓarna ne ba. Maƙwabtanmu suna da haƙƙin neman tsaro, kuma masu garkuwa da mutane ba su bar kowa ba. Amma ɗan banga yakan san 'yan gari, wanda bai sani ba shi ne abin zargi. Dattawanmu sun tuna Shagamu da Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002. Matasa sun ga Mile 12 a 2016 da kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, inda ƙaramar taƙaddama ta zama gobara da asarar rayuka. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, 'yan banga suka tare mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano hutun Salla, aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa, aka kashe 16. Allah ya jiƙansu. Da a ce hannun da ya tare su ya miƙa su ga hukuma aka yi bincike, da ba a yi wannan asara ba. Mutanen da suka daina yarda cewa caji ofis zai hukunta mai laifi su ne ke ɗaukar doka a hannunsu.

Mu kuma sani ba mu kaɗai ke ƙorafi ba. Bayan rikicin Ile-Ife a Maris na 2017, da 'yan sanda suka gabatar da waɗanda suka kama aka ga duk Yarabawa ne, shugabannin Yarabawa sun yi kuka cewa runduna ta goyi bayan Hausawa. Ke nan mu muna ganin ɗan sanda na 'yan gari ne, su kuma suna ganin namu ne. Wanda kowane ɓangare ke zargi ba zai iya raba faɗa ba.

A Fabrairun 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jiha. Matsayinmu a kan wannan a fili yake: ko ta tarayya ce ko ta jiha, muna son rundunar da za ta ɗauki duk mazaunin jiha a matsayin nata, wadda ke da tabbataccen kuɗin aiki, da kuma wurin kai ƙararta wanda ba ya ƙarƙashin gwamna. Tarihin 'yan doka ya ishe mu gargaɗi.

Abin da doka ta ba mu

Muna roƙon kowa ya riƙe waɗannan, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zuwa da zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, addini ko asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Don haka shigowa gari a bayan tirela ba laifi ba ne. A Agustan 2019 an tsare mutum 123 'yan Jigawa da suka shigo Legas da baburansu, aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su.

Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Manyan laifuka masu hukuncin kisa ne ke da nasu tsari dabam. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama wani a madadin wani. Ba a kama uba don ɗa, ko mata don miji, ko mai masauki don baƙonsa. Sun hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Sun kuma wajabta wa majistare ya riƙa ziyartar caji ofis kowane wata ya duba waɗanda ke bayan kanta. Mace na iya tsaya wa mutum beli. Belin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 2017 ta mai da azabtar da wanda ake tuhuma laifi, ko wane ne ya ba da umarni.

In an taka waɗannan, akwai sashen karɓar ƙorafi na runduna da aka kafa a 2015, akwai hukumar kula da aikin 'yan sanda, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali.

Abin da kwamiti ke kawo wa wannan taro

Na ɗaya, mu shiga kwamitin PCRC da na tsaron al'umma na caji ofis ɗinmu da wakilai na dindindin, har da mace da matashi, masu jin Yarabanci ko Turanci. Kujerar da ba mu zauna a kai ba, a kanta ake yanke hukunci a kanmu.

Na biyu, maganar gudummawa. Mun san wasu na cewa a riƙa kai wa DPO wani abu duk wata don a zauna lafiya, wasu kuma na cewa ko kwabo kada a bayar. Shawarar kwamiti ita ce, kuɗi a ambulan zuwa hannun mutum ɗaya, babu. In za a taimaka da man sintiri ko gyaran taya ko fitilar titi, a yi shi a fili, tare da ƙungiyar masu gidaje da Baale, a rubuta, a karɓi rasit, a karanta a taro. Kuma kada a bayar a ranar da wani namu ke tsare, domin a ranar sunansa ya canza. Wanda ya saba sayen ɗan sanda ya tuna akwai ranar da wani zai fi shi tayi.

Na uku, mu buɗe littafin baƙi a fadar Sarki. Duk wanda ya sauka, mai masaukinsa ya kawo shi a rubuta sunansa, garinsu, sana'arsa da wanda ya tsaya masa. A taimaka masa ya yi katin ɗan ƙasa. Masu tafiya da kayan farauta ko na gadi su riƙe takardun izininsu, su kuma sanar da shugabanni kafin su kama hanya. Wannan littafi namu ne, don in an kwashe yaranmu mu je da hujja.

Na huɗu, kada mu ɓoye mai laifi don yana jin Hausa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Mai sayen kayan sata, mai sayar da ƙwaya, mai ba masu garkuwa masauki, duk mu za su jawo wa. In 'yan sintirinmu sun kama mutum, ko ɗan wace ƙabila ne, su miƙa shi caji ofis lafiyarsa ƙalau. Ba za mu yi kukan Uromi ba sannan mu yi wa wani irinsa.

Na biyar, mu daina kuka da baki kawai. Sakatariya za ta ajiye littafi na biyu. Duk wanda aka kama ko aka karɓi kuɗi a hannunsa ya zo a rubuta rana, lokaci, wuri, sunan jami'in ko lambar da ke ƙirjinsa, nawa aka karɓa, su wa suka gani. Bayan wata uku mu kai wa DPO a rubuce, in bai duba ba mu wuce gaba. Jami'in da ya yi aikin kirki shi ma mu rubuta wa na sama da shi takardar yabo da sunansa. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Ajin yaƙi da jahilci na nan bayan Isha'i, da yawanmu a can muka koyi riƙe alƙalami da furfurarmu, kuma babu wanda ya tsufa da koyon rubuta sunansa.

Na shida, kasafin 'yan sanda a Majalisar Tarayya ake zartar da shi. Wanda ya shekara 20 a nan amma katin zaɓensa na can gida, ba shi da bakin tambayar ɗan majalisar wannan mazaɓa nawa aka ware wa caji ofis ɗinmu, kuma nawa ya iso. Mu dawo da rajistarmu inda muke kwana, mu haɗa kai da maƙwabtanmu mu yi wannan tambaya tare, domin ɓarawon da ya shiga layi ba ya tambayar ƙabila.

Mai girma Sarki, iyayenmu da 'yan'uwa, waɗannan shawarwari shida muke roƙon taro ya tattauna, ya gyara abin da ke buƙatar gyara, ya kuma naɗa waɗanda za su bi kowace ɗaya, su kawo rahoto a zama na gaba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya tsare mu daga zalunci da kuma zaluntar wani.